Kasuwar Da Ba Ta Da Sarkin Kasuwa: Yadda Kwamfutoci Ke Musayar Kaya Tsakaninsu

 

Kwanakin baya wani magidanci maƙwabcinmu ya tare mu a ƙofar gida ransa a ɓace. Ya sayi mega na wata guda domin amfanin gidansa, amma ko kwana huɗu ba a yi ba ya ƙare ƙaf. Ya tsare yara da tambaya, babban ɗansa ya rantse cewa fim ɗaya tak ya sauke, kuma tun daren farko ya gama. Uban bai yarda ba, har maganar ta kusa kai su ga abin da ba a so. Da muka shiga muka duba kwamfutar, sai muka tarar yaron gaskiya ya faɗa, fim ɗaya ne. Sai dai manhajar da ya sauke fim ɗin da ita tana nan a buɗe, kuma tun daga wannan dare ba ta huta ba, tana ta aika fim ɗin ga waɗansu mutane da yaron bai sani ba, a ƙasashen da bai taɓa zuwa ba. Abin da ta aika ya ninka abin da ta karɓa sau da yawa. Yaron yana zaton ya je kasuwa ya yi sayayya ya dawo ne, bai san ya kasa kaya a rumfa ya bar ta a buɗe ba.

Wannan hanya ita ce ake taƙaita sunanta da P2P, mu kuwa za mu kira ta musayar tsara-da-tsara, domin a cikinta babu babba babu ƙarami, kowace na'ura tsarar ƴar uwarta ce. Ya kamata magidanta su san yadda take aiki, ko da su kansu ba su taɓa kwamfuta, tun da da sunansu aka sayi layin.

Mu fara da hanyar da aka saba. In mutum ya buɗe shafi a intanet ko ya kunna bidiyo, na'urarsa tana roƙon wata babbar kwamfuta ne da ke ajiye a wani gini, wadda ba ta barci dare da rana. Mu kira ta rumbu. Kowa daga rumbun nan yake ɗiba. In masu ɗiba suka yi yawa, layi ya yi tsawo, rabon kowa ya ragu, kuma mai rumbu shi ke biyan kuɗin hanyar da kayan ke bi. In hukuma ta zo ta sa kwaɗo a ƙofar, magana ta ƙare.

A shekarar 1999 wani ɗalibi ɗan shekara 18 a birnin Boston na Amurka, Shawn Fanning, ya fito da wata manhaja mai suna Napster. A lokacin an riga an sami dabarar MP3, wadda ke matse waƙar faifan CD ta koma wajen kashi ɗaya cikin goma na girmanta, har ta iya bin layin tarho na wancan zamani. Tunanin Fanning shi ne: me zai sa a tara waƙoƙi a rumbu, alhali suna nan warwatse a kwamfutocin jama'a? Abin da ake bukata dillali ne kawai. Duk wanda ya kunna Napster, manhajar za ta kai wa kwamfutar kamfanin jerin sunayen waƙoƙin da yake da su. Mai nema ya rubuta sunan waƙa, dillali ya duba littafinsa ya ce wane da wane suna da ita, daga nan waƙar ta taso kai tsaye daga ɗakin mai ita zuwa ɗakin mai nema, ba ta bi ta hannun dillali ba. Cikin shekara biyu miliyoyin mutane suka shiga. Kamfanonin waƙa na Amurka sun kai ƙara tun watan Disamba na 1999, kuma hujjar Napster ta cewa ba ta ajiye waƙar kowa ba ta cece ta ba, domin littafin dillancin a hannunta yake, ta san abin da ake yi, tana kuma iya hanawa. A watan Yuli na 2001 aka rufe ta. Da aka kama dillali kasuwa ta watse.

Masu fasaha sun ɗauki darasi tun kafin a kai ga haka. A watan Maris na 2000 Justin Frankel da Tom Pepper suka saki Gnutella, wadda ba ta da dillali sam. Kamfanin AOL, wanda ya mallaki ma'aikatarsu, ya sa aka janye ta washegari, amma bakin alƙalami ya bushe, waɗansu sun riga sun gano yadda take, suka rubuta tasu. Aikinta kamar cigiya ne a unguwa. Kwamfutarka ta san maƙwabta kaɗan, sai ta tambaye su ko akwai mai abu kaza. Kowane ɗayansu ya duba nasa, ya kuma miƙa tambayar ga nasa maƙwabtan. Don kada cigiyar ta yi ta yawo har abada, akan ba ta iyaka, yawanci tsallake bakwai. In muka ƙaddara kowa na miƙa wa mutum uku sababbi, a tsallake na bakwai kaɗai tambayar ta shiga gida 2187. Nan ne kuma raunin abin yake, domin da jama'a suka yi yawa sai hayaniyar cigiya ta cika hanya, masu layi mai rauni suka kasa ɗauka. Akwai wata matsalar kuma ta halin ɗan Adam. A cikin shekarar 2000 ɗin wasu masu bincike biyu na cibiyar Xerox PARC, Eytan Adar da Bernardo Huberman, sun ƙidaya suka tarar kusan kashi 70 cikin ɗari na masu shiga Gnutella ba su bayar da komai, ɗiba kawai suke yi.

Kazaa, wadda Niklas Zennström ɗan Suwidin da Janus Friis ɗan Denmak suka fitar a 2001, ta bi tsaka-tsaki: ta riƙa zaɓen kwamfutoci masu ƙarfi a cikin jama'a tana naɗa su masu unguwa, kowane yana riƙe da jerin kayan waɗanda ke ƙarƙashinsa, cigiya ta tsaya tsakanin masu unguwanni. Mutanen nan biyu su ne suka kafa Skype a 2003 bisa irin wannan tunani. A Faransa kuwa, waɗanda suka yi karatu can a shekarun 2000 ba za su manta da eMule ba, mai tambarin alfadari, da jinkirinta da ya dace da tambarin.

Wadda ta daɗe har ta kai ga kwamfutar maƙwabcinmu ita ce BitTorrent, wadda Bram Cohen ya fitar a watan Yuli na 2001. A nan za mu ɗan daɗe, domin dabarar tana da ban sha'awa.

Waɗanda suka tashi a zaure sun san littattafan hannu na da ba a ɗinke suke ba, falle-falle ne a cikin gafaka. To, a ce malam yana da littafi mai falle 300, almajirai goma kuma kowa na son ya kwafi nasa, kowane yana iya rubuta falle goma a yini. In malam ya ba mutum ɗaya littafin dungurungum, sai ya gama a ba na biyu, na ƙarshe zai jira wata tara kafin ya ɗora alƙalami. Amma in ya raba musu falle talatin-talatin, cikin kwana uku kowa ya gama rabonsa, malam ya tattara abinsa ya mayar gafaka. Daga nan almajirai su riƙa musaya tsakaninsu, ka ba ni wanda ka kwafa in ba ka wanda na kwafa, cikin wata guda dukansu goma sun kammala. Ko malam ya yi tafiya a rana ta huɗu babu abin da zai tsaya, domin littafin yana nan cikakke a hannunsu, duk da cewa babu ɗayansu da ke da shi duka.

Haka BitTorrent ke yi. Tana yanka fayil gunduwa-gunduwa. Fim mai mega 700, in aka yanka shi kilo 256-256, zai ba da gunduwa 2800. Mai nema yana karɓar gunduwoyi daga mutane da yawa a lokaci ɗaya, wannan daga Masar, wancan daga Birazil, ba tare da bin jeri ba, kuma da zarar gunduwa ɗaya ta shigo hannunsa ya zama mai bayar da ita. Wanda ke da fayil cikakke yana ci gaba da bayarwa, shi ake kira mai iri, kamar manomin da ya ajiye irin shuka. A tsarin rumbu yawan jama'a ke kawo jinkiri. A nan yawan jama'a ke kawo sauri, domin duk wanda ya shigo ya zo da tasa hanyar. Shi ya sa sabon fim da kowa ke rububi yake sauka cikin ƴan mintoci, tsohon littafin da ba mai nema kuwa a yi mako ana jira. In mai iri na ƙarshe ya kashe kwamfutarsa alhali akwai gunduwar da babu mai ita, kowa zai tsaya cak, ko da saura kashi ɗaya cikin ɗari ya rage masa.

Don gudun haka Cohen ya sa wata ƙa'ida: kowace kwamfuta ta fara neman gunduwar da ta fi ƙaranci a cikin taron. In falle na 212 mutum ɗaya ne kaɗai ke da shi, to shi za a fara kwafa, kafin mai shi ya tashi.

Sai maganar ƴan ci-ma-zaune da suka addabi Gnutella. Maganin da ya kawo kowane manomi ya san shi, wato dokar gayya: wanda bai je gonar mutane ba, ba a zuwa tasa. A tsarin farko na manhajar, kowace kwamfuta tana aika wa mutum huɗu ne a lokaci guda, tana fifita waɗanda suka fi aiko mata da sauri, tana kuma sake duba lissafin duk bayan daƙiƙa goma. Mai rowa sai ya ga ƙofofi suna rufewa a gabansa. Amma baƙon da ya shigo yanzu hannu rabbana fa, da me zai fara? An yi masa tanadi: duk bayan daƙiƙa talatin kwamfuta takan zaɓi mutum ɗaya haka kawai ta buɗe masa ƙofa, ko bai ba ta komai ba. Da wannan ɗan alheri baƙo ke samun jari, da shi kuma ake gano sabon abokin hulɗa da ya fi na da. Mun jima muna mamakin yadda lissafi tsantsa ya kai mutum ga abin da kakanninmu suka sani a bakin gona.

To, yaya za a amince da gunduwar da ta fito daga hannun wanda ba a sani ba? Tafiyar tana farawa ne da wani ɗan ƙaramin fayil da ake kira toran, wanda babu fim ko waƙa a cikinsa. Abin da ke ciki shi ne sunan kayan, da girmansa, da hatimin kowace gunduwa. Hatimin nan lamba ce da ake fitarwa ta hanyar lissafi daga abin da ke cikin gunduwar, yadda in aka sauya ko ɗigo ɗaya lambar za ta sauya gaba ɗaya. Duk gunduwar da ta iso sai kwamfuta ta sake lissafa hatiminta ta gwada da na asali, in sun saɓa ta zubar ta nemi wata. A lura da iyakar wannan shaida, domin nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Hatimi yana tabbatar da cewa abin da ya iso shi ne abin da mutumin farko ya ɗora. Bai san ko mutumin farko mai gaskiya ne ba. In ya zuba guba a kwalba ya rubuta zuma a jiki, gubar za ta iso cikakkiya ba tare da ta zube ko kaɗan ba.

Da farko BitTorrent tana da ɗan dillalinta, wata kwamfuta mai riƙe da adireshin waɗanda ke cikin kowane taro. Daga 2005 aka rage dogara da shi, aka rarraba littafin adireshi a kan kwamfutocin jama'a, kowace ta riƙe ɗan yanki, bisa wata dabara mai suna Kademlia da Petar Maymounkov da David Mazières suka wallafa a 2002. Mai nema ya tambayi wanda lambarsa ta yi kusa da hatimin kayan, shi kuma ya nuna masa wanda ya fi shi kusa, cikin ƴan tsallake kaɗan an isa. Daga nan babu sauran ƙofa ɗaya da za a sa wa kwaɗo. Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke hukunci a 2005, a shari'ar Grokster, cewa kamfanin da ke zuga mutane su keta haƙƙin mallaka yana da laifi. Kazaa ta biya kamfanonin waƙa dala miliyan 100 a 2006. Kotu ta tsayar da LimeWire a 2010. Ƴan sandan Suwidin sun kwashe kwamfutocin The Pirate Bay a ranar 31 ga Mayu 2006, bayan kwana uku shafin ya dawo, ko da yake a 2009 an yanke wa mutum huɗu hukuncin ɗauri a kansa. Kamfanoni sun faɗi, hanyar ta rage. Abin da ya rage mata kasuwa a ƙasashen Turai da Amurka shi ne zuwan irin su YouTube da Spotify da Netflix, waɗanda suka sa kallo da saurare suka fi satar sauƙi.

Yanzu mu dawo gida. Tun da ba a iya kama sarkin kasuwa, sai aka koma kan masu rumfuna. Kwamfuta ba ta iya aika wa wata kaya sai ta san adireshinta, wato lambar IP, saboda haka duk wanda ke cikin taro yana ganin lambar kowa. Masu haƙƙin fim kan ɗauki wakili ya shiga taron kamar kowa, ya rubuta lambobi da lokaci, kamfanin da ya sayar da layi kuma ya san mai kowace lamba. A 2007 wata kotu a jihar Minnesota ta ci wata mata tarar dala 222,000 a kan waƙoƙi 24. A Faransa dokar Hadopi ta 2009 ta tsara gargaɗi mataki-mataki: saƙon imel, sannan wasiƙa, sannan miƙa magana ga mai gabatar da ƙara, da tarar da za ta iya kai Yuro 1500, kusan sefa miliyan ɗaya. Wanda dokar ta ɗora wa alhaki shi ne mai layin, ko da ɗansa ne ko baƙonsa ya yi aikin. A 2022 aka haɗe hukumar da wata aka sami Arcom. Iyayen da ke shirin tura yaro karatu Turai, ko ya sauka gidan wani ɗan uwa, su gaya masa wannan tun daga gida, kada ya jawo wa mai masaukinsa wasiƙar da bai san dalilinta ba.

Barna ta biyu ita ce kwalbar da muka ambata. Tun a 2003 ofishin binciken majalisar Amurka ya gwada Kazaa, ya tarar cewa neman sunayen mawaƙa da na zanen yara yana fito da hotunan batsa masu yawa. Har yau ana ɓoye ƙwayoyin cutar kwamfuta a cikin wasanni da manhajojin da aka ce kyauta ne, masu satar lambobin sirri ko masu kulle kayan mutum sai ya biya fansa. Ta uku ta fi shafar tsofaffin manhajoji irin su Kazaa da LimeWire, waɗanda ke buɗe wa duniya duk abin da ke cikin jakar da aka nuna musu: mutum ya yi kuskuren nuna jakar takardunsa, hotunan iyali da takardun aiki su fita. A 2010 hukumar kare masu sayayya ta Amurka ta sanar da kusan ma'aikatu ɗari cewa bayanan ma'aikatansu da na abokan cinikinsu sun tsiyaye ta wannan hanya.

Kada a ɗauka muna cewa hanyar kanta haramtacciya ce. Masu Ubuntu da Debian suna rarraba manhajojinsu na kyauta da ita da izininsu. Ɗakin ajiya na Internet Archive ya buɗe fiye da fayil miliyan ɗaya ta BitTorrent a 2012. Windows ma, tun daga 2015, tana iya karɓar gyare-gyarenta daga kwamfutocin maƙwabta ta kuma ba su. Ga ƙasa irin tamu mai tsadar mega, dabarar da za ta sa abu ya shigo gari sau ɗaya sannan ya yaɗu a cikinsa ba abin rainawa ba ce.

Ai mu ma mun daɗe muna yin tamu, ba tare da mun ba ta suna ba. Turi daga waya zuwa waya ta Bluetooth ko Xender, da katin waya da ake cikawa a kasuwa, duk musayar tsara-da-tsara ce, sai dai ƙafa ke ɗaukar ta maimakon layi. Ta haka waƙoƙin Mdou Moctar, makaɗin gita ɗan Nijar, waɗanda ya naɗa a Sakkwato a 2008, suka ratsa Sahara har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya ji su a Mali, ya sa ɗaya a faifan da ya fitar a 2011, ya kuma neme shi. Turi ya kai sunansa inda kuɗinsa ba za su kai shi ba. Amma turin nan dai yana cikin abin da ya karya kasuwar faifai ta masu fim a Kano, har da yawansu suka koma YouTube. Wanda ya ci bashi ya shirya fim, ya biya ƴan wasa da masu ɗaukar hoto, sannan ya ga aikinsa a wayar kowa ba a ba shi ko dala ba, yana da haƙƙi, kuma a ganinmu yawan masu ɗiba ba ya sauke shi daga wuyan kowane ɗaya daga cikinsu. Mai amfani da BitTorrent kuwa nasa ya fi nauyi, tun da bai tsaya a ɗiba ba, har da rabawa.

Game da maƙwabcinmu, mun nuna wa yaron layin da ke ƙidaya abin da ya fita, da wurin da ake rage saurin aikawa, da kuma cewa danna alamar rufewa a saman allo ba ya kashe manhajar, tana laɓewa ne a gefen agogo tana ci gaba da aiki, har ma tana tashi da kanta duk lokacin da aka kunna kwamfuta. Uban ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce a cire ta gaba ɗaya. Yaron ya ce da ita yake sauke manhajojin karatunsa na kyauta, kuma da gaskiyarsa. Suka daidaita a kan kwamfutar ta dawo falo, duk abin da za a sauke kuma a faɗi sunansa da inda ya fito kafin a danna. Megan da ya tafi dai bai dawo ba, sai da aka sayi wani.